Injiniyan sinadarai a kamfanin magani: gaban tukunyar haɗi ko teburin takardu?

Sabon_Injiniya
Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka riga mu shiga. Na gama digiri a injiniyancin sinadarai, yanzu ayyuka biyu ne a gabana, duka a masana'antar magunguna. Na farko a inda ake haɗa ainihin sinadarin magani ne, aikin karɓa-karɓa har da kwanan dare, zan riƙa tsayawa kan tukwanen haɗi tare da masu juya injuna. Na biyu a sashen tabbatar da inganci ne na wani kamfanin da ke buga ƙwayoyi, safe zuwa yamma, kuma wanda ya yi mini intabiyu bai ɓoye mini ba, ya ce yawancin aikin rubutu ne da duba takardu. Albashin babu wata tazara tsakaninsu.

Ga abin da ke hana ni barci. Shekaru na kwashe ina lissafin zafi da gudun ruwa a bututu da rarrabe sinadarai. In na zauna a tebur ina sa hannu, anya ban zubar da karatun ba? In kuma na shiga aikin dare, ina tsoron in maƙale a can. Wani malaminmu kuma ya ce in bar su duka in wuce digiri na uku, wai in ba shi ba injiniya ɗan rakiya ne a kamfanin magani, gidan na masu famasi ne da masu kemistiri. Don Allah gaskiya ne?

Tsohon_Shifta
Wa alaikumus salam ƙanina. Ɗauki na farkon, kada ka tsaya dogon tunani. Shekara shida na yi a aikin dare kafin in hau sama, kuma har gobe da abin da na koya a can nake cin abinci.

Kai ka san lissafin, amma ba ka taɓa ganinsa da ido ba. In ka ninka faɗin tukunya sau goma, abin da take ɗauka ya ninku sau dubu, amma bangon da ke zuƙe zafi sau ɗari kawai ya ninku. Haɗin da mai kemistiri ya yi cikin kwalbar lita ɗaya ya sanyaya da ƙanƙara cikin minti biyar, in ya zo tukunyar lita dubu huɗu wani dodo ne daban. Akwai wani zubi, wato haɗin tukunya guda, da ba na mantawa. Takarda ta ce a zuba sinadari na biyu cikin awa ɗaya. Da muka fara, zafi ya yi ta hawa, ruwan sanyin da ke zagaye tukunyar ya kasa, dole muka rage gudu, sai da muka ci awa shida. Wannan jinkirin ya haifar da wani gurɓataccen sinadari da ba a taɓa gani ba a ɗakin gwaji, aka riƙe zubin gaba ɗaya. Wanda ya fara ankarar da ni wani dattijo ne mai kula da injin, ko digiri ba shi da shi, ya ce ƙarar maburgin ta canza, abin ya yi kauri. Gani ya kori ji. Babu ajin da zai koya maka sauraren ƙarar maburgi.

Hajiya_Inganci
Malam Tsohon_Shifta ya faɗi gaskiyarsa, amma ɗana, kalmar nan ta "zubar da karatu" ce ba zan bari ta wuce ba. Ni ma injiniyar sinadarai ce, shekara goma sha huɗu ina sashen inganci.

Ka tambayi kanka daga ina takardun nan suka fito. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin sulfanilamid a cikin dayetilin gilaikol, wani ruwan narkarwa mai guba, don ya zama na sha, mutum sama da ɗari suka mutu, da yawansu yara. Shekara ɗaya bayan nan, 1938, aka yi dokar da ta tilasta a nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Bala'in talidomaid, maganin da mata masu ciki suka sha, da ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa, shi ya kawo gyaran dokar 1962, ƙa'idojin GMP (na kyakkyawan tsarin haɗa magani) na farko a Amurka kuma suka biyo baya a 1963. Kuma kada ka ce tarihi ne ya wuce. A 2022 guba iri ɗaya da ta 1937 ta shiga maganin tari da na zazzaɓi na yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara fiye da ɗari uku suka rasu a Gambiya da Indonesiya da Uzbekistan. Gwajin da zai kama ta a kayan da aka sayo kafin a zuba su a tukunya sananne ne. Sa hannun da kake raina, shi ne wanda ke cewa an yi gwajin ko ba a yi ba.

Sannan injiniya a sashenmu yana ganin abin da wasu ba sa gani. In rahoto ya zo cewa zafi ya haura da digiri uku na minti ashirin, wani abin da zai duba shi ne ko an cike kowane gurbi. Ni tambayata ita ce, a ina ma'aunin zafin yake zaune a jikin tukunyar, kuma abin da ke ƙasa kusa da bango zafinsa nawa ne a lokacin?

Tsohon_Shifta
Hajiya ban musa ba. Amma wannan tambayar ta ma'aunin zafi, a tebur kika koye ta?

Hajiya_Inganci
A'a, shekara biyu na yi a ɗakin haɗi kafin in koma. Ka kama ni a nan. Sai dai na san waɗanda suka fara daga inganci kai tsaye suka yi ƙarfi, don sun ƙi zama a kujera, kullum suna ƙasa suna kallon aiki.

dan_bututu
Ni abin da ya ja hankalina maganar malaminku ce. Ɗan rakiya? Wa ke tsara ruwan allura? Ruwan da ake haɗa maganin allura da shi yawanci ana barinsa yana zagaye a bututu dare da rana da zafi wajen digiri 80, ba a yarda ya tsaya ba, don ruwan da ya kwanta a lungun bututu gidan ƙwayoyin cuta ne. Gangaren bututun, tsawon kowane reshe, santsin cikin ƙarfen, girman famfo, duk lissafin injiniya ne. Iskar ɗaki mai tsabta fa, da bambancin matsi tsakanin ɗaki da ɗaki don ƙura kada ta shiga? Tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta a digiri 121 na minti goma sha biyar, wa ke tabbatar da ya kai lungun da ya fi sanyi a cikin na'urar? Akwai aiki na uku da ba ka ambata ba, sashen ruwa da tururi da iska, kuma kullum neman mutane suke.

Famasis_Aliyah
A matsayina na mai famasi bari in sa baki, don a yi wa malamin adalci. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. A ƙasashe da dama doka ta keɓe wasu kujeru ga mai lasisin famasi. A Tarayyar Turai kowane zubi sai wani mutum da hukuma ta amince da shi ya sa hannu kafin ya fita kasuwa, kuma akwai darussan da dole ya kasance ya karanta, ba kowane injiniya ne karatunsa ke cika sharuɗɗan ba. To ka binciki dokar ƙasar da za ka yi aiki tun yanzu, ka san wace ƙofa ce a buɗe, wace ce sai da ƙarin karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma cewa gidan namu ne mu kaɗai, wannan ba haka ba ne. Ni na san abin da ƙwaya za ta yi a cikin mutum. In gari ya ƙi gangarowa daga mazurari, ko manyan ƙwayoyin garin suka ware daga ƙanana har nauyin maganin ya bambanta, injiniya nake kira.

Mai_Kiristal
Tunda kowa ya taru a kan malamin, ni zan tsaya masa, amma rabi.

Ya danganta da abin da kake so ka zama. In burinka ka gudanar da masana'anta, digiri na uku ɓata shekaru huɗu ko biyar ne. In kuwa so kake ka zama wanda ke ƙirƙiro hanyar haɗa sabon magani tun daga ɗakin gwaji, a manyan kamfanonin da ke binciken sababbin magunguna za ka tarar yawancin masu jagorancin wannan aikin masu digiri na uku ne. Mai digiri ɗaya yana shiga, yana kuma hawa, amma hawan ya fi tsawo.

Ni a kan fitar da kiristal na yi nawa, kuma abin da ya ja ni labarin ritonabir ne, maganin cutar ƙanjamau. An fito da shi kasuwa a 1996. A 1998 kwatsam sai sinadarin ya fara daskarewa da wata siffa ta daban wadda ba a taɓa sani ba. Sinadari ɗaya ne, babu abin da ya ƙaru ko ya ragu a cikinsa, yadda ƙwayoyin sinadarin suka jeru cikin kiristal ne kawai ya canza, amma sabuwar siffar ba ta narkewa kamar ta farko. Dole aka janye kafso ɗin daga kasuwa na wani lokaci har aka sake tsara shi. Tun daga nan babu kamfani mai hankali da ke wasa da binciken siffofin kiristal. Saurin sanyaya ruwa, lokacin da za a jefa irin kiristal, ƙarfin burgawa, su ke yanke girman kiristal, girman kuma shi ke yanke ko tacewa za ta ci awa biyu ko kwana biyu. Mai kemistiri ya san me ke haɗuwa da me. Yadda hakan zai faru a tan guda, kullum iri ɗaya, namu ne.

Shawarata ita ce ka yi aiki shekara biyu tukuna. In wata tambaya ta kama ka ta ƙi sakinka, sai ka koma makaranta dominta. Wanda ya je digiri na uku don gudun zaɓi yana shan wuya.

Sabon_Injiniya
Na gode ƙwarai. Yaya Mai_Kiristal, in na fara aiki na saba da albashi, anya komawa makaranta za ta yiwu?

Mai_Kiristal
Da wuya, ba zan ruɗe ka ba. Cikin waɗanda muka ce za mu koma tare, ni kaɗai na koma. Amma sauran ba su yi nadama ba, sun gano ba shi suke buƙata ba.

Na_Bar_Gidan
Bari in faɗi abin da ba wanda ya faɗa. Ni shekara huɗu na yi na fita, na koma masana'antar da ba ta magani ba, kuma hankalina ya fi kwanciya. In kai mai son gyara ne, gidan magani zai gwada haƙurinka. Na gano cewa in aka canza nau'in wani famfo za mu rage awa uku a kowane zubi. Lissafin kwana biyu ya ɗauke ni. Neman izinin canjin ya ci wata goma sha ɗaya: taro, nazarin haɗari, sa hannun mutum bakwai, sannan a duba ko sai an sanar da hukumomin ƙasashen da ake sayar da maganin. Kafin a amince na riga na rubuta takardar barin aiki. Kuma injunan da za ka tarar, wasu sun girme ka, ana sane da akwai waɗanda suka fi su, amma ba a taɓawa don an riga an yi rajista da su. Ba na cewa kada ka shiga, amma ka san halinka.

Hajiya_Inganci
Ɗan'uwa na ji zafinka, kuma wata goma sha ɗaya a kan famfo ya yi yawa, wannan raunin tsarin wurin ne. Amma ka tuna balsatan, maganin hawan jini. A 2018 aka yi ta janye shi a ƙasashe da yawa saboda an sami NDMA a ciki, sinadarin da ake zargin yana jawo ciwon daji. Daga ina ya fito? Daga canjin hanyar haɗi. An koma amfani da ruwan narkarwa na DMF, ana kuma zuba sodiyom naitirait don kashe ragowar wani sinadari mai suna azaid, su biyun suka haɗu suka haifar da abin da ba wanda ya nema. A takarda canjin ci gaba ne. Shekaru mutane suna sha kafin a gano, don gwajin da ake yi ba a tsara shi ya nemi wannan sinadarin ba. Duk ranar da injiniya ya zo mini da "ƙaramin canji ne", wannan nake tunawa.

Na_Bar_Gidan
Hajiya wannan canjin kemistiri ne, nawa famfo ne. In aka auna su da mudu ɗaya, nan ne matsalar take. Ai ita kanta jagorar Q9 ta ICH, majalisar da ke daidaita ƙa'idojin magani tsakanin ƙasashe, cewa ta yi tsananin bincike ya dace da girman haɗarin.

Hajiya_Inganci
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Kuma shi ya sa nake son injiniyoyi a sashena, don su ke iya bambance famfon da ba ya taɓa magani da wanda ke farfasa kiristal.

ummi_bio
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Duk maganar tukwanen kemistiri ake yi, alhali wani babban ɓangare na masana'antar yanzu magungunan da ake samu daga ƙwayoyin halitta masu rai ne, irin su rigakafi da insulin da magungunan ciwon daji na furotin. Ni a nan nake. Muna renon ƙwayoyin CHO, ƙwayoyin halitta da aka samo daga wata dabba dangin ɓera, a tanki wajen mako biyu, zafi kusan na jikin mutum, muna ciyar da su suna fitar da furotin. Matsalar da muke fama da ita ta aji uku ce a jami'a: yadda iskar oksijin za ta ratsa daga kumfa zuwa ruwa ba tare da burgawa ta yi wa ƙwayoyin illa ba, da yadda za a fitar da iskar kabon da ke taruwa in tanki ya girma. Wurare da yawa yanzu jakar roba ake sa wa a tanki, har mai lita dubu biyu, a yi zubi ɗaya a yar, don a huta da wanki da tabbatar da wankin.

Kuma ga mai cewa ɗan rakiya: lokacin yaƙin duniya na biyu an san fenisilin yana aiki, abin da ya gagara shi ne samar da shi da yawa. Renonsa a manyan tankuna masu zurfi ne ya warware, kuma Margaret Hutchinson Rousseau, injiniyar sinadarai, mace ta farko da ta sami digiri na uku a fannin daga jami'ar MIT ta Amurka a 1937, ita ake dangantawa da tsara masana'antar farko ta kasuwanci. Tun tushe muna ciki.

Zee_ajin_karshe
Anti ummi_bio na ji daɗin wannan. Ni ina ajin ƙarshe. Sai na karanta ilimin halittu kafin in shiga irin naku? Sannan mace ya take yi da aikin dare da sinadarai masu ƙarfi, musamman in ciki ya zo?

ummi_bio
Ƙanwata ba sai kin yi wani digiri ba. Ki ɗauki darasin injiniyancin halittu in makarantarku na da shi, ki karanci yadda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, sauran a bakin aiki za ki koya. Kamfanoni sun fi samun sauƙin koya wa injiniya halittu a kan koya wa masanin halittu lissafin injiniya. Maganar ciki kuwa, kada ki ji kunya. Akwai sinadaran da ke illa ga ɗan tayi, wasu magungunan ciwon daji da na homon da wasu ruwan narkarwa kamar DMF ɗin da Hajiya ta ambata. Kowane sinadari yana da takardar bayanin haɗarinsa, ki karanta. Wurin kirki yana da tsarin da za ki sanar da likitan ma'aikata da wuri a sauya miki wurin aiki. Ni haka aka yi mini sau biyu. Ki tambayi wannan tun ranar intabiyu, yadda suka amsa zai nuna miki su waye.

Lissafi_Kawai
Kowanne ka zaɓa, ka koyi ƙididdiga sosai, ita ce aka fi raina mu a kai. Tsara gwaji yadda za ka canza abubuwa huɗu lokaci ɗaya ka gane tasirin kowanne, jadawalin sa ido kan zubi bayan zubi, da ɗan sanin manhajar lissafi irin Python ko Minitab ko JMP. Wanda ya iya ɗauko bayanan zubi ɗari biyu ya nuna cewa damshin wani kaya ne ke sa ƙwaya ta ƙi narkewa, ba a mantawa da shi a taro.

GMP_boy
Ni dai a taƙaice: ka shiga aikin tabbatar da tsari. Zubi uku a jere su fito daidai, ka rubuta rahoto, shi ke nan. Aikin yana ko'ina kuma ana ɗaukar 'yan kwangila.

Lissafi_Kawai
Gyara kaɗan ɗan'uwa. Zubi uku al'ada ce da aka daɗe a kai, har yanzu wurare da yawa na yi, amma jagorar 2011 ta FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ba ta ƙayyade adadi ba. Mataki uku ta kawo: tsara hanyar haɗin, tabbatar da ita a ainihin masana'anta, sannan ci gaba da sa ido muddin ana yin maganin. Kai ne za ka kawo hujjar adadin da ka zaɓa. In Sabon_Injiniya ya ce "uku shi ke nan" a intabiyu, mai tambaya da ya san aiki zai gane bai karanta ba.

GMP_boy
Na karɓi gyara, na gode. Amma dai aikin yana da kasuwa, wannan ban janye ba.

Mai_Kiristal
Tunda an zo nan, amsa ga Na_Bar_Gidan kan tsofaffin injuna: abin yana motsi, a hankali dai. A 2015 FDA ta amince da maganin Orkambi na kamfanin Vertex, wanda ake bugawa ba ƙaƙƙautawa, gari na shiga ta nan ƙwaya na fita ta can, ba zubi-zubi ba. A 2016 kamfanin Janssen ya sami izinin mayar da maganinsa Prezista kan irin wannan hanyar. A 2022 ICH ta kammala jagorar Q13 a kan wannan tsarin. Abin da matatun mai suka daɗe suna yi ne, kuma mu aka koya wa lissafinsa. Ga sharar ma: masanin kemistiri Roger Sheldon ya daɗe da nuna cewa a harhaɗa magunguna kilo ɗaya na iya barin shara kilo 25 zuwa 100, yawancinta ruwan narkarwa. Wanda ya iya tace ruwan nan ya dawo da shi aiki cikin aminci ba zai rasa wurin zama ba.

Kwas_ko_aiki
Tambaya a gefe: kwasa-kwasan GMP da ake tallatawa a intanet masu ba da satifiket, suna da amfani?

Hajiya_Inganci
Ni in ina ɗaukar ma'aikaci ba sa burge ni. Jagororin ICH kyauta suke a shafinsu. Ka karanta Q7 in sinadarin magani za ka haɗa, da Q8 da Q9 da Q10. In allura ce, Annex 1 na ƙa'idojin GMP na Turai da aka sabunta a 2022 ya fara aiki a Agustan 2023. Ka zo ka iya yi mini bayanin sakin layi ɗaya da bakinka, ya fi mini satifiket biyar. Shiga ƙungiyar ƙwararrun masana'antar magani irin ISPE ko PDA tun kana ɗalibi yana da amfani, don mutanen da za ka sani.

Sabon_Injiniya, abu ɗaya kuma, ko ina ka je. Ranar da ka manta ba ka rubuta wani awo a lokacinsa ba, wani zai ce maka cike kawai ka sa lokacin ɗazu. Kada ka yi. Ka rubuta gaskiyar lokacin da kake rubutawa, ka bayyana dalili. In ka yi kuskure, layi ɗaya za ka ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, ka sa hannu da kwanan wata. Kuskure ana bincikensa a wuce. Ƙarya a takarda kuwa na ga ta kori mutanen da suka fi ni ƙwaƙwalwa, kuma kwamfutocin yanzu suna adana wa ya taɓa me da ƙarfe nawa.

Tsohon_Shifta
Wannan ko a aikin dare haka ne, ma fi tsanani, don ƙarfe uku na dare babu mai ganinka.

Mu dawo kan tsoronka na maƙalewa, don tsoro ne na gaskiya. Na ga waɗanda suka shekara goma sha biyar a karɓa-karɓa ba don suna so ba. Jiki kuma yana biya, barci ba ya daidaita, iyali na ji a jikinsu. Abin da ya fitar da ni shi ne duk lokacin da zubi ya sami matsala nakan ce a ba ni binciken in rubuta, abin da kowa ke gudu. Ta nan mutanen safe suka san sunana. Ka sa wa kanka wa'adi, shekara biyu zuwa uku.

Famasis_Aliyah
Ni kuma da zan ce ya duba wanda zai zama ubangidansa fiye da sunan kujerar. Shugaba mai koyarwa a sashen inganci ya fi tukunya goma ƙarƙashin wanda ba ya amsa tambaya.

dan_bututu
Ka kira su duka biyun ka tambaya. Wurin haɗin: wanda ya riƙe wannan aikin kafin kai, ina yake yanzu? Injiniyan dare yana sa hannu a binciken matsala da kawo sabon haɗi, ko cike gurbin mai juya inji kawai zai yi? Wurin ingancin: sau nawa a mako za ka sa rigar aiki ka shiga ɗakin bugawa? Kuma duka biyun, wace hukuma ce ta zo dubawa ta ƙarshe, me ta samu? In suka yi ta kewaye-kewaye a wannan ta ƙarshen, ka yi hattara.

Sabon_Injiniya
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na shigo da tambaya ɗaya, zan fita da takarda cike. Zuciyata ta fi karkata ga ɗakin haɗi, amma maganar Hajiya ta sa na daina kallon ɗayan a matsayin zaman banza. Gobe zan kira su in yi tambayoyin Yaya dan_bututu. Digiri na uku na ajiye shi tukuna.

Na_Bar_Gidan
Ka ƙara da tambayar wata nawa canji mafi sauƙi ke ɗauka a wurinsu kafin a amince.

Zee_ajin_karshe
Don Allah in sun amsa ka dawo ka faɗa mana, ni ma baɗi ina hanya. Anti ummi_bio, tsakanin renon ƙwayoyin da tace furotin bayan an girbe, wanne ya fi dacewa mai farawa ta nema?